Sun Binne Ɗana Kafin In Iso

Sunana Kuve, a coci ana ce mini Rahila. Daga Mogode nake, can kan duwatsun arewacin Kamaru. Hausar da kuke ji a bakina ta Mubi ce, inda na yi zaman aure har mijina ya rasu na tattara 'ya'yana na koma gida. Ina faɗa tun farko don kada wani ya ce ina 'yar ƙabilar Kapsiki ta samo wannan baki. Kuma duk wanda ya san ni ya san ba na iya haɗiye magana, ko a gaban fasto ne.

A gona labarin rasuwar ɗana Teri ya same ni. A Yawunde Yahya ake kiransa, sunan da wani maƙwabcinmu Bafulatani ya raɗa masa ranar da aka haife shi, shi ne kuma ya shiga takardunsa. Bai cika shekara da zuwa koyon ɗinki a unguwar Briqueterie ba, wadda kowa ke ce wa Birik. Wayarmu ta gida sai an hau dutse take kamawa, don haka saƙon ya kwana a hanya, wani direba ne ya kawo shi da baki. Ya ce zazzaɓi ne, bai jima yana jinya ba.

Yayan mijina, Zra, shi ne babban gida yanzu. Ya raka ni tasha, ya ce, "Kuve, ki je ki taho mana da yaronmu. Kada ki dawo ba tare da shi ba." Ba sai ya faɗa ba. A wurinmu mutum ba ya kwana a ƙasar baƙi. Ana kawo shi gida, dangi su zo su ga fuskarsa, a yi kuka a yi waƙa, sannan a kwantar da shi kusa da nasa. Uban Teri ma da ya rasu a Mubi, a bayan mota muka ɗauko shi. Kuma na san mutanen kudu suna ajiye gawa a ɗakin sanyi na asibiti, wanda suke kira morg, har wata guda. Saboda haka duk tsawon hanya, mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, abu ɗaya nake riƙe da shi a raina, zan ga fuskar ɗana, in shafa goshinsa, in tafi da shi.

Da hantsi mai babur ya sauke ni a Birik. An yi ruwa da asuba, jar laka ta kama mini takalmi. Ko'ina kekunan ɗinki na kuka, hayaƙin tsire ya fara tashi, shagunan yadi a jere, kuma kowa Hausa yake yi kamar ban bar Mubi ba. Ina tambayar gidan Mohaman Bello mai ɗinki, maigidan ɗana, sai aka nuna mini wata ƙofa da aka shimfiɗa tabarmi a gabanta. Maza zaune da carbi. Daga ciki ƙanshin waina yana fitowa. Da na gane zaman makokin ɗana ake yi, wallahi zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe yaron ya faɗa hannun mutane.

Wani dattijo dogo, fari, mai siririn gemu ya taso ya tarye ni. Shi ne Mohaman Bello. Ya ce, "Maman Yahya ce? Sannu da hanya. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa." Ya kira matarsa Kulsum ta karɓi jakata, suka shigar da ni tsakar gida. Aka gaisa, aka sake gaisawa, irin gaisuwar Fulani da ba ta ƙarewa. Na daure har inda zan iya, sannan na ce, "Malam, a wane asibiti yake? A kai ni in gan shi."

Ya dubi matarsa, matar ta dubi ƙasa.

"Ai mun kai shi makwancinsa," in ji shi. "Da safe ya cika, bayan azahar muka sallace shi. Mutane sun taru ƙwarai, Maman Yahya, har layin ya kai bakin titi. Yau sadakar uku."

Na ce, "Kuka me?"

"Muka sallace shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kun binne mini ɗa? Wa ya aike ku? Yaron da aka yi wa baftisma a gabana, ni na ɗinka masa farar rigar da ya sa. Kirista ne, Malam. Ubansa Kirista, uwarsa ga ta tsaye a gabanka."

Matan da ke suyar waina suka tsaya cak, har ta fara ƙonewa a tanda. Mohaman Bello ya nemi bango ya jingina. Bakinsa yana motsi, salati yake yi. Ni kuwa baki ya riga ya buɗe. Na ce musu ko akuya ce ta mutu a gidan mutum ai yakan jira mai ita. Na ce gaggawar me suke yi, ƙasa guduwa za ta yi? Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Dattijon ya bar ni sai da na gaji don kaina.

Sannan ya ce, "Maman Yahya, rashin sani ya fi dare duhu. Yaro ya zo mini da Hausa a baki, da hula a ka, ya ce sunansa Yahya. Me zan tambaye shi? Da azumi ban taɓa ganin ya sa ko ruwa a baki a gabanmu ba. Ranar Juma'a ya rufe shago tare da kowa. Na lura ba na ganinsa a sahu, na ɗauka irin yaran nan ne masu wasa da salla. Na sha zaunar da shi in yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce, 'To, Baba.' Mun nemi lambar da ya bari, ba ta shiga. Mu kuwa a wurinmu barin gawa tana jira wulaƙanci ne. Abin da zan yi wa ɗan cikina shi na yi masa."

Wannan "To, Baba" na san shi. Shirun ubansa ne ya gado, mutanen da za su gwammace a aske musu kai da kwalba da su ce akwai zafi. Sai haushina ya rabu biyu, rabi a kan waɗanda suka binne shi, rabi a kan wanda aka binne. Kuma a ƙarƙashin haushin wani tsoro ya fara motsi, wanda ban gaya wa kowa ba. Shin shiru ne kawai ya yi, ko dai ya bar hanyar da na ɗora shi a kai? In ya bar ta, to ba a ƙasa kaɗai na rasa shi ba.

Na ce, "A tono shi. Da shi zan koma."

Dattijon ya ce, "Ɗanki ne. In haka kike so, za mu nemi takardar hukuma, ni zan yi gaba."

Kafin magariba maganar ta zaga Birik. Wani saurayi, Musaddiq, ɗan ƙanen Mohaman Bello da bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, ya shigo yana huci. Bai ko gaishe ni ba. Ya ce, "Baffa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dole a ciro shi daga cikin mutanenmu, tun kafin a fara nuna gidan nan da baki."

Na ce, "Kai yaro, ɗana ne za a ciro kamar ƙaya a ƙafa? Me ya yi wa mutanenku, cizonsu zai yi? Ba inda za shi."

Ya tsaya yana kallona, don an gaya masa ni ce mai cewa a tono. Ni ma na tsaya ina jin abin da bakina ya faɗa. Kulsum ta juya baya, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka. Mohaman Bello ya ce wa yaron ya je, ya riga ya yi magana da liman, kuma liman ya ce kuskure ne, Allah ya ga niyya, in dangi suna so su ɗauka a taimake su, in ba sa so ba mai taɓa kabari. Yaron ya fita yana gunaguni. Na bi bayansa da harara, sannan na ƙara gaya wa dattijon cewa maganata ta farko tana nan, tono shi za a yi, amma don ni na ce, ba don wancan ba.

A ɗakin Teri na kwana. Katifa ce, da akwati, da riguna biyu rataye a ƙusa. Na sa hancina a cikin ɗaya, warinsa yana nan, da ɗan warin man keke. A nan na yi kukan da ban yi a hanya ba.

Washegari Lahadi. Na fito ina tambayar inda 'yan arewa ke sujada, sai Kulsum ta ɗauki mayafi ta ce in zo, ta san wurin, takan ji waƙarsu in za ta kasuwar Mokolo. Muka bi lungu-lungu har unguwar Ekoudou, tana gaba ina baya. A ƙofar wata 'yar majami'a ta kwano ta tsaya, ta ce za ta jira ni a shagon wata ƙawarta a tsallake.

Sujada ce ta mutane iri-iri, addu'a da Fulatanci, wa'azi da Faransanci, ana fassarawa. Bayan an tashi na tare faston, wani baƙin mutum mai faɗi, ɗan ƙabilar Tupuri. Ina ambatar Yahya mai ɗinki ya gane shi. Bai ma san ya rasu ba. Na ce, "Fasto, kada ka lallashe ni, ka gaya mini gaskiya. Yana zuwa?"

Ya ce, "Yana zuwa, Mama, amma ba kullum ba. A bencin baya yake zama, kafin a gaisa ya fice. Ban san shi yadda ya kamata in san shi ba."

Wannan amsa ba ta ƙoshar da ni ba. Na ba shi labarin duka. Sai ya faɗa mini abubuwan da na sani tun ina yarinya, cewa matattu za su tashi, cewa wanda ruwa ya ci da wanda wuta ta ci duk ba su ɓace wa Ubangiji ba. Ni da nake shugabar zumuntar mata a garinmu, sau nawa na faɗa wa wasu matan wannan magana a gidan makoki? Ranar da ta zo kaina sai na ji ta kamar ruwa a bayan agwagwa. Na ce masa ba wa'azi na zo nema ba, takarda nake so.

Ya ce, "Za a samu. Akwai zuwa ofishin magajin gari, akwai likita, akwai akwati na musamman. Zan bi ki ko'ina. Amma Mama, ƙasar nan tana da ruwa da zafi. Abin da za a fito da shi ba fuskar da kike nema ba ce, ba kuma za su bari a buɗe a garinku ba."

Na ji kamar in mare shi. Na tashi na fita ko sallama babu, don na san gaskiya ya faɗa.

A hanyar komawa Kulsum ta rage tafiya har muka jera. Ta ce, "Yaya, ko ba kya son jin muryata, bari in gaya miki yadda ya tafi, don in ni ce zan so a gaya mini." Na ci gaba da tafiya, ina jin ta. Ta ce ranar da zazzaɓin ya kwantar da shi ita ta dama masa kunun tsamiya, ya sha kaɗan. Washegari suka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka sa masa ruwa. Ita ta zauna da shi, don maigidan yana da ɗinkin biki a hannu. Ta ce bai yi ta fama ba. Da gari ya waye ya ce a buɗe taga. Yana ta wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da yarenku, in ji ta, yana yi yana hutawa, na ɗauka zafin jiki ne. Daga baya ya yi shiru, ni na rufe masa ido.

Na ce, "Wace waƙa?"

"Ina zan sani? Ba na jin yaren. Amma muryar ta zauna mini a kai, tun ranar ta ƙi fita."

Sai ta fara yin ta da hanci, a nan bakin titi, tsakanin mai gasa ayaba da mai facin taya. Ta ɓata ta a wuri biyu, amma ko a mafarki na ji ta zan gane. Waƙar da muke yi ce da asubar Ista, in mun hau dutsen bayan coci muna jiran rana ta fito, waƙar matan da suka je kabari suka tarar ba kowa a ciki. Ni na koya wa Teri ita yana goye a bayana. Na zube a kan wani benci. Kulsum ta tsorata ta ce ko ta yi laifi ne. Na ce, "Sake yi." Ta sake, matar Mohaman Bello da mayafinta, tana rera mini tashin Almasihu ba ta sani ba. Na kama hannunta na riƙe, kuma tun zuwana wannan ne karo na farko da na dubi fuskarta sosai. Idanunta sun kumbura, ashe ita ma kwanakin nan kuka take yi.

Tsoro ɗaya ya sauka, amma maganar Zra tana nan, kuma kabarin uban Teri yana nan da fili a gefensa. Da yamma na ce wa Mohaman Bello kafin a fara zancen takarda ina so in ga wurin. Ya ce ai matansu ba sa shiga maƙabarta. Na ce ni ba matarsu ba ce. Ya ce to, gobe da safe.

Tasi muka shiga, muka fita can gefen gari. Mai gadin wurin ya dube ni, ya dubi dattijon, suka yi magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, sannan ya kauce. A garinmu kabari yana da duwatsu, yana da gicciye, kowa ya san na wane ne. Nan kuwa tudun jar ƙasa ne a jere, duk iri ɗaya, ciyawa ta rufe tsofaffin. Mohaman Bello bai yi lalube ba, kai tsaye ya nufi wani sabo kusa da wata bishiyar mangwaro, an kafa rabin bulo a wajen kai. Ya ce, "Ga shi."

Na tsaya ina kallo. Ɗan da na haifa, mai tsawo har yana sunkuyawa a ƙofar ɗakina, wai shi ne wannan ɗan tudu. Na ce, "Gaya mini yadda kuka yi masa. Kada ka tsallake komai."

Ya ce shi ya wanke shi da hannunsa, da ruwan ɗumi, shi da wani amininsa, ba su bar kowa ya shiga ba. Ya ce ya ga tabon ƙuna a gwiwarsa ta hagu. Na ce na garwashi ne, yana rarrafe. Ya ce likkafanin daga shagonsa ya yanko, farin yadi ne da ya ajiye wa kansa tun dawowarsa daga Makka, ya sa masa turare. Ya ce da aka zo nan aka tambaya ina uban yaro ya shiga ya karɓe shi, ba wanda ya motsa, sai shi ya sauka cikin ramin. Ya kwantar da shi a gefen dama, ya gyara masa kai, ya jera itace a sama don kada ƙasa ta taɓa shi.

Ya dubi tudun. Ya ce, "Abin da ke cina, Maman Yahya, ba maganar mutane ba ce. Yaron nan a kwano ɗaya muke ci. Da ya ce mini shi Kirista ne, korarsa zan yi? Na yi yara Kirista a shagon nan kafin shi. Amma ya ji tsorona har ya mutu. Ni kuma na zo na raba shi da uwarsa da kirkina."

Ina jinsa, amma hankalina ya tafi wani wuri. Mutum ya mutu nesa da garinsu. Rana tana gudu, al'adar mutanen wurin ba ta yarda gawa ta kwana ba. Wani dattijo mai hali, wanda ba dangi ba, ya je ya karɓo shi, ya naɗe shi da farin yadi da turare, ya ba shi abin da ya tanadar wa kansa, aka rufe da gaggawa. Ai na san wannan labari. Duk shekara ranar Juma'a mai tsarki ina zaune ana karanta shi, ina share hawaye saboda uwar da ta tsaya tana kallo. Ubangijina ma ba a kai shi garinsu ba, ba a kwantar da shi kusa da nasa ba, a kabarin aro ya kwana. Kuma wannan bai hana shi tashi ba. Shekara nawa ina rera wannan da baki, sai a maƙabartar Musulmi a Yawunde ya shiga mini ciki.

Ba zan ce zafin ya tafi ba, ƙarya ne. Ina son fuskar ɗana a lokacin kamar yadda mai ƙishirwa ke son ruwa. Amma na gane in na sa aka tona wannan ƙasa ba zan same ta ba. Fuskar tana gaba, ba a ƙarƙashin itacen nan take ba, kuma wanda ya yi alkawarin dawo mini da ita bai taɓa ce mini sai a Mogode ba.

Na ce, "Malam, zan yi masa addu'a irin tamu. In zai dame ka, ka matsa."

Ya dubi wajen mai gadin, ya dube ni. Sai ya ja da baya kaɗan, ya juya mini baya ya tsaya tsakanina da ƙofa, yadda duk mai shigowa shi zai fara tararwa. Na durƙusa a cikin lakar. Na sa tafin hannuna a kan tudun, wajen kai. Na yi magana da Teri da yarenmu, na yi masa faɗan shirunsa, don sai da na yi. Sannan na miƙa shi ga Yesu da sunansa duka biyu, na ce ga shi nan, ka san inda yake, ranar da ka zo kada ka wuce nan. Na yi addu'ar da Ubangiji ya koya mana har ƙarshe. Da na ce amin, na ji dattijon ma ya ce wani abu a bayana, nasa ne, ban tambaye shi ba.

Na miƙe da ƙyar, gwiwoyina duk jar ƙasa. Muka kama hanyar fita. Sai da muka kusa ƙofa ya ce, "Gobe da sassafe sai mu fara da ofishin magajin gari. Na ce wa yara su riƙe shago."

Na ce, "Ka buɗe shagonka, Malam. A bar shi. Wanda zai tashe shi ba ya bukatar takardar kowa."

Ya tsaya. Ya daɗe yana kallona, kamar yana jiran bakin nan nawa ya sake juyawa. Da ya ga bai juya ba, ya sa gefen rawaninsa ya goge ido. Ya ce muddin yana da rai ciyawa ba za ta rufe wurin ba, in ya mutu kuma 'ya'yansa sun san shi. Sannan ya ce, "Amma mutanenku fa? Kin ce mini an ce kada ki koma ba tare da shi ba. Me za ki ce musu?"

Na san abin da ke jirana. Zra zai ce na sayar da yaronsu, mata za su yi ta magana a bakin rijiya har shekara ta zagayo, kuma filin da ke gefen uban Teri zai zauna haka nan ina wucewa ina gani. Na juya na ƙara duban tudun a ƙarƙashin mangwaron.

Na ce, "Zan ce musu na tarar da shi yana barci, an lulluɓe shi da kyau, ban tashe shi ba."